Ranar da Muka Sa Kansiloli Tsallaka Titi

Zuwa ga Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga ni da Mama, tare da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya majinyatanku, yaya kuma ciwon bayan nan da kika ce tsayuwa tana tayar miki? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan ƙalau muke, sai kewarki da ta ƙi zama jiki.

Kin ce in riƙa kiran ki a waya. Ke ma kin san yadda muke ƙarewa. Kafin in gama kokawa da gaisuwa layinku ya yanke, ke kina can kina ta halo, ni ina nan ina zufa. Ki bar ni da birona. A takarda ba ni da in'ina, ba kuma mai ƙarasa mini magana.

Albishirinki. An ɗauki ƙaninki a majalisar matasa masu ba Majalisar Gari shawara. Na san kin ajiye takardar kin yi dariya, ki gama ki ɗauka, ina jira. Mama ma da na gaya mata sai da ta zauna a bakin gado, ta ce ikon Allah, yaron da sallama ma sai ya yi shiri kafin ya yi ta, shi ne zai ba gwamnati shawara? Ta gama tsokanar kuma sai ga ta tana goge ido da gefen mayafi.

Ga yadda abin ya faru. An kawo sanarwa shagonmu a buga, cewa ana neman matasa daga kowace unguwa, kowa ya rubuta abin da ya fi damun sa a garin. Maigidana ya karanta, ya ture mini ita, ya ce tunda ni ne nake gyara wa rabin ɗaliban garin nan rubutunsu kafin a buga, in rubuta nawa mana. Na ce ban iya magana ba. Ya ce ai ba su ce a rera ba, rubutawa suka ce. Na zauna bayan injin kwafi na rubuta a kan babban titi.

Ba ki ga titin ba tun da aka faɗaɗa shi. Yanzu hannu biyu ne, an raba tsakiya da dakalin kankare mai kai wa gwiwa, tireloli da tifofi suna wucewa kamar an koro su. Mu muna wannan gefe, makarantar firamare da ƙaramin asibiti suna wancan, kuma babu wurin tsallakawa ko ɗaya sai can wajen shatale-talen da ba mai iya takawa zuwa gare shi da yara. Ɗan mai wankin layinmu, wanda kika taɓa yi wa allura yana cizon ki, a nan mota ta kashe shi bara. Mama ta hana a gaya miki lokacin saboda kina jarrabawa.

Mun yi zaman farko a wani ɗaki a saman ofishin Majalisar Gari. Dogon tebur ne mai sheƙi, da na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗiga a bokiti. An ba mu lemo da biskit, an ɗauke mu hoto ta gaba da ta gefe. Kowa ya tashi ya gabatar da kansa. Da aka zo kaina na maƙale a sunana, sai wata yarinya da ke kusa da ni ta ce wa mutane su yi haƙuri, layi ne ba kyau. Kowa ya yi dariya har da ni. Rediyo ake ce mata, tana sayar da kayan kwalliya a kasuwa, kuma wallahi wanda ya sa mata sunan bai zalunce ta ba. Akwai kuma wata mai karatun gine-gine da muke kira Injiniya, ba ta magana sai da fensir a hannu.

Wanda aka ɗora mana a matsayin uba shi ne Kansilan Ayyuka, wani babban mutum mai tumbi da tabarau. Ya ce mu ne manyan gobe, ya duba agogo, ya fita.

Ki sa ni a addu'a. Mama tana gaishe ki, ta ce ki daina tsallake abincin rana.

Naki har kullum,
Auta

Yaya abar alfaharina,

Sallama da gaisuwa irin ta ƙani ga yayarsa. Ina fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki. Takardarki ta iso, Mama ta sa na karanta mata har sau biyu, wai a karon farko na cinye rabi. Na gode da takalman, sun yi mini daidai, sai dai na hagu yana ƙara idan ina tafiya, Rediyo ta ce ko ba komai yanzu ana jin zuwana.

Kin tambayi majalisa. Gaskiya raina a ɓace yake. Wata da watanni ke nan muna hawa benen nan, kuma babban abin da aka nemi shawararmu a kai shi ne launin rigar da za a sa ranar share gari. Mun yi muhawara a kan kore da shuɗi kamar a nan rayuwarmu ta rataya. Da muka miƙa wa Kansilan Ayyuka maganar titi, ya karɓa da murmushi, ya ce an ji, za a duba, amma mu sani harkar titi ba ta yara ba ce, akwai masana. Ya naɗe takardar ya yi fifita da ita a gabanmu.

A unguwa kuwa sunanmu 'yan lemo. Idan na wuce gaban shagon aski sai su ɗaga murya su ce ranka ya daɗe, yau wane iri aka sha?

Akwai abin da Mama ba ta so ki sani, ni kuma ba zan ɓoye miki ba. Ta daina zuwa awon jininta a kan lokaci. Ran nan ta kai tsakiyar titi, ta hau dakalin, sai ƙafarta ta ƙi sauka. Ta tsaya a nan motoci suna kaɗa mata mayafi ta gaba da ta baya har wani mai babur ya tsaya ya tare mata hanya. Tun daga ranar idan na ce mu je sai ta ce ai ta ji sauƙi. Yanzu ni nake barin shago in raka ta, kada ki damu, amma sauran tsofaffin layin fa, wa yake raka su?

Sai kuma abin da ya sa na ɗauki biro yau. Makon jiya mota ta buge 'yar telan da ke kusa da mu, ƙaramar, mai wushirya. An tashi daga makaranta, ta riƙo hannun ƙawarta, ƙawar ta ruga, ita ta yi jinkiri. Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙafar dama ta karye a wuri biyu. Na je duba ta. Tana kwance an ɗaure ƙafar an rataye, uban yana zaune a kan benci da tef ɗin awo har yanzu a wuyansa, don a haka ya fito da gudu. Ya dube ni, ba da faɗa ba, ya ce Auta, ba kai ne aka ce kana zama da manya ba? Yaya, da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na buɗe baki, ba abin da ya fita.

Washegari na hau benen da niyyar in ce na bari. Ashe ba ni kaɗai ba ne, kusan rabinmu da wannan niyyar suka zo. Rediyo ce ta buga tebur ta ce ba inda za mu, idan muka tafi gobe za a kawo wasu su zaɓi launin hula. Ta tuna mana cewa a tsarin da aka kafa mu a kai, muna da damar yin jawabi a gaban cikakken zaman kansiloli sau ɗaya a zango. Kowa ya san da wannan, sai dai waɗanda suka gabace mu godiya suke zuwa yi, a tafa musu, su sauko. Ta ce mu bana ba godiya za ta kai mu ba.

Mun ɗaga hannu gaba ɗaya. Ban bari ba ke nan. Ban san ko za a saurare mu ba, amma gara in gwada da in sake tsayawa gaban tela bakina a rufe.

Ki gaishe mini da wadda kuke ɗaki ɗaya. Ki rubuto wa Mama ki yi mata faɗan awo, amma kada ki ce ni na faɗa.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya gajiyar aiki? Allah ya sa kin warke daga murar da kika ce ta kama ki. Faɗanki ya yi aiki, Mama ta je awo, an ce jinin ya ɗan sauka. Ta gane ni ne na kai ƙara, ta yi mini kwana biyu tana kira na ɗan jarida.

Yaya, mun yi aiki. Duk yamma idan an tashi daga makaranta muna bakin titi. Mun bi gida gida, mun ji ta bakin iyaye da malamai da masu awo. Ni nake rubutawa, Rediyo take tambaya, don ita ko bango ta tambaya sai ya amsa. Da farko gada muka so mu nema, sai Injiniya ta kai mu wajen wani tsoho mai keken guragu da ke sayar da jarida, ta ce mu gaya masa yadda zai hau matakala. A nan muka bar maganar gada. Abin da ta zana shi ne a yanke dakalin a gaban makaranta, a yi tudun rage gudu ta kowane hannu, a ja farin zane, a kafa danja mai maɓalli wadda mai tsallakawa zai danna da kansa.

Inda na fi jin tsoro shi ne tashar direbobi. An ce mana za su kore mu, don ba direban da ke son a tsayar da shi. Shugabansu ya bar mu a tsaye a rana yana shan shayi, sai da ya ga dama ya ce mu faɗi abin da ya kawo mu. Da Rediyo ta gama, wani direban tifa mai furfura ya ce shi duk ranar da zai bi gaban makarantar nan sai ya yi ta addu'a, don yaro ba ya da birki, tifa mai yashi kuma ba ta tsayawa don an so. Ya ce a sa danjar, su ma su huta da fargaba. Shugaban ya ajiye kofi ya ce ranar zaman za su zo.

To ga inda abin ya kwaɓe. Kansilan Ayyuka ya ji labarin yawonmu, ya kira mu ya ce an ɗauke mu mu ba da shawara ne, ba mu tayar da unguwa ba. Ya ce a jawabinmu mu tsaya a kan share gari. Rediyo ta miƙe ta ce masa shi da yake wucewa a mota gilashi a rufe ba zai san abin da ake ciki ba, ta ƙara da wata magana a kan tumbinsa da ba zan rubuta miki ba. Gaskiya ta faɗa a farkon, ƙarshen ne ta zarce. Aka dakatar da ita daga majalisa har sai ta ba da haƙuri a rubuce, ita kuma ta rantse ba za ta bayar ba.

Da ma ita ce za ta yi mana jawabin, ga shi an dakatar da ita. Muka zauna neman madadi, kowa yana kallon tebur. Injiniya ta ce ita zane ta iya, idan ta ga taro muryarta guduwa take. Sai wani ya ce ai wanda ya rubuta shi ya fi sanin abin da ke ciki. Kafin in haɗa kalmar a'a, kin san ni da ita, hannaye sun riga sun tashi.

Yaya, ina jin tsoro. Ba dariyar nake tsoro ba, na saba da ita tun ina aji ɗaya. Tsorona kada in maƙale lokaci ya ƙare, a ce an ba matasa dama ba su da abin faɗa, 'yar tela ta tashi a banza.

Kullum da safe ina karanta wa Mama tana wanke-wanke. Idan na tsaya ba ta ɗago kai, ba ta ƙarasa mini, sai ta ci gaba da cuɗa tukunya har in wuce wurin. Rediyo kuma tana zuwa shago ta zauna a kan kwalin takardu tana ba ni umarni: in ja numfashi, in taka ƙafa a hankali, in zaɓi mutum ɗaya a taron in yi masa magana kamar shi kaɗai ne. Maigidana ya ce idan ta ƙara kwana uku tana zuwa zai fara ba ta aikin naɗe takardu.

Zaman ranar Laraba ne. Duk abin da kike yi da rana tsaka, ki tsaya ki yi mini addu'a.

Naki,
Auta

Yayata, Yayata!

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya, Mama tana lafiya, kowa yana lafiya, ki yafe mini gajeriyar gaisuwa, labari ne da ni. Ki nemi wuri ki zauna.

Zauren ya cika. Kansiloli a gaba kan kujeru masu juyawa, Shugaban Majalisa a tsakiya da guduma, mu a gefe cikin korayen rigunan nan da muka zaɓa. A benen 'yan kallo ga direbobi, ga malamai, ga tela, ga Rediyo da aka hana zama cikinmu tana yi mini alama da hannu kamar mai ba da hannu a titi. Mama ma ta zo, ta sa mayafinta na zuwa biki.

An sa mu a ƙarshen ajanda. Aka yi ta magana a kan kwata da harajin kasuwa har wasu kansiloli suka fara haɗa jakunkuna. Sai aka kira ni. Na tashi, takalmin hagu yana ƙara har gaban makirfo.

Gaisuwar ta fita lafiya. Layi na biyu ma haka. Sai na zo kan kalmar titi, ita da na zo dominta, harshena ya manne a bayan haƙora. Na ja, ta ƙi. Na sake ja, sai sautin farko kawai yake fita ta lasifika yana dawo mini. Wani ya yi dariya a baya. Kansilan Ayyuka ya duba agogo, ya ce ko a karɓi takardar a karanta a ofis, don a sauƙaƙa wa yaron. Shugaba ya ɗaga hannu ya ce a'a, lokacinsa ne, a bar shi.

Na tuna maganar Rediyo, na nemi mutum ɗaya. Idona ya faɗa kan tela. Na ajiye takardar, don na ga idan na bi ta ba zan kai ba. Abin da na faɗa gajere ne, kuma na yi tuntuɓe a kusan kowace kalma, amma ga shi yadda ya fita: "Ranku ya daɗe, ni ban iya magana ba, kun gani. Titin yana nan kusa. Yanzu ake tashi daga makaranta. Ku zo ku tsallaka tare da mu sau ɗaya, da ƙafa, ba jiniya, ba ɗan sanda. Idan kun dawo, duk abin da kuka yanke mun yarda."

Kansilan Ayyuka ya ce wannan ba ya cikin ajanda. Sai Kansilar Lafiya, wata dattijuwa, ta ɗauki jakarta ta miƙe, ta ce ita dai ƙafarta ta yi tsami da zama. Shugaba ya dubi benen 'yan kallo, ya ga direbobi sun riga sun miƙe, ya buga guduma ya ce an ɗage zama zuwa bakin titi.

Yaya, da kin ga jerin! Manya cikin kaya masu guga, mu a gaba, rabin kasuwa a baya. Direbobin kansiloli suka taso da motoci, Shugaba ya kore su. Wani ɗan sanda ya shiga titi zai tare hanya, Injiniya, wadda ta ce muryarta guduwa take, ta daka masa tsawa ta ce ba haka aka yi alkawari ba. Shugaba ya ce ta yi gaskiya.

Muka tsaya a bakin kwalta daidai lokacin da yara suka fito ta wancan gefe, tuli guda, da jakunkuna a baya. Kansiloli suka ga yadda suke yi: su leƙa, su ja baya, babba ya riƙo ƙarami, su ruga su haye dakali, su tsaya a jere a kansa tirela tana wucewa dab da hancinsu. Ba wanda ya yi musu bayani. Kansilar Lafiya ta dafe ƙirji tana salati.

Sai aka ce bismilla. Shugaba ya tattare riga ya ruga, takalminsa ɗaya ya zame a tsakiyar kwalta, wata bas ta bi ta kai, ya isa dakali da ƙafa ɗaya a safa. Kansilan Ayyuka ya kai dakalin da kyar, ya hau, daga nan fa ya ƙi gaba ya ƙi baya. Duk sanda ya sauke ƙafa sai a danna masa ham ya mayar. Gumi ya jiƙa masa tabarau. Kowa ya haye ya bar shi shi kaɗai a tsakiya. Kin san wa ya cece shi? Mama. Ta tsaya a bakin titi ta riƙe ƙugu tana ƙwala masa: "Kada ka kalli ta kusa, ta bayanta za ka kalla! Tsaya! Tsaya! To yanzu, ruga, bawan Allah!" Ya kuwa ruga, tumbi da komai. Yara suka sa ihu suna tafi.

Na ɗauka zai yi fushi. Ya zauna a kan bencin mai jarida yana haki, aka ba shi ruwa. Da ya dawo hayyacinsa ya kira ni da hannu. Ya ce shi ya sa hannu aka faɗaɗa titin nan, yana alfahari da shi, kullum yana bi ta kansa, amma bai taɓa taka shi da ƙafa ba sai yau. Ya tambaya ina mai zanen. Injiniya ta shimfiɗa masa takardarta a kan jaridu, suka duƙufa su biyu, yana tambaya tana amsawa.

Matsalar da ba wanda ya tuna ita ce dole a sake tsallakawa a koma. A nan direbobi suka yi abin da ba a sa su ba, mai tifar nan ya shiga da hannu a sama, abokansa suka bi shi, suka tsayar da titin gaba ɗaya har yara da kansiloli suka wuce tare.

Aka koma zaure, Shugaba da takalmin aro. Kansilar Lafiya ta gabatar da ƙuduri a yi aikin yadda muka zana. Aka nemi mai goyon baya, sai ga hannun Kansilan Ayyuka. Ba wanda ya ƙi. Da guduma ta sauka benen 'yan kallo ya kusa rushewa, muryar Rediyo ta fi ta kowa. A bakin ƙofa tela ya riƙe hannuna da hannayensa biyu, shi ma sai ya kasa magana. Muka tsaya a haka, mu biyu, ba mai ƙarasa wa wani.

Sauran sai wani jiƙon, yau ko abinci na kasa ci. Mama ta ce in gaya miki ita ma ta yi aikin gwamnati.

Ƙaninki mai murna,
Auta

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Aminci ya tabbata a gare ki. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta duk wanda ke kyautata miki a can. Ki yafe mini shirun da na yi, aiki ne ya yi yawa a shago, ga kuma zirga-zirgar majalisa.

An gama, Yaya. Ba a yi shi da sauri yadda muka so ba, sai da muka yi ta sintiri a ofishin ayyuka har masinjan wurin ya fara ajiye mana kujera. Amma an yanke dakali, an yi tudun, an ja farin zane, danja tana tsaye gefe da gefe. Ranar da aka kunna ta an so Shugaba ya fara dannawa, ya ce a ba 'yar tela. Ta zo da sandunanta, ta ƙi a ɗaga ta, ta miƙa sanda ɗaya ta danna maɓallin da bakin sandar. Ja ta kama, tireloli suka yi layi suna huci, ita kuma ta taka a hankali, ba mai ce mata yi sauri, har ta kai ƙofar makaranta. Likita ya ce ƙafar za ta koma daidai.

Akwai abin da ya fi danjar ma a wurina. Kansiloli sun amince cewa daga yanzu duk shawarar da majalisar matasa ta kai, dole a ba ta amsa a rubuce, a kuma karanta amsar a zaure. An ba mu kujera a kwamitin ayyuka, muka tura Injiniya. Rediyo ta dawo. Ta rubuta takardar ban haƙuri a kan maganar tumbi kawai, ta ce sauran tana nan a kan bakanta, Kansilan Ayyuka kuma ya yi dariya ya karɓa.

Ba komai ne ya yi daidai ba. Wasu masu babur har yanzu suna keta ja, kuma mun nemi irin wannan mashiga a gaban kasuwa an ce sai baɗi. Amsar tana hannunmu a rubuce, baɗi kuwa tana zuwa.

'Yan shagon aski sun daina zancen lemo. Biyu daga cikinsu sun zo in gyara musu rubutu, suna neman shiga majalisa zango mai zuwa. Gidanmu kuma ya koma ofis. Da asuba za ki ji sallama, wannan famfon layinsu ya mutu, wancan kwata ta toshe. Mama ce take tace su a tsakar gida, ta ce wa wani wannan ba aikin majalisa ba ne, je ka ka shirya da surukarka. In'ina tana nan, ba inda ta je. Sai dai yanzu idan na maƙale a zama, jira ake yi.

Mama ta ce kin samu hutu ƙarshen wata. Ga roƙona. Idan bas ta kawo ki, kada ki bari direba ya zagaya da ke ta gefenmu. Ki sauka a gaban asibiti, ki ajiye jakarki, ki tsaya. Ni da Mama za mu tsallako mu ɗauke ki, kuma ta riga ta ce ita za ta danna.

Allah ya kawo ki lafiya.

Ƙaninki da ke jiran ki,
Auta